Saitin Faifan Ajiya a Ƙasar Zafi da Ɗauke Wuta: Lacca a kan Umarnin Sauya Shi, bisa Yanayin Garuwa

Kowane faifan ajiyar bayanai da ya iso Garuwa, sabo ne a kwalinsa ko na hannu ne da aka ciro daga tsohuwar kwamfutar da ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, yakan zo da wasu hukunce-hukunce da aka riga aka yanke masa tun daga masana'anta: ko zai amsa cewa ya rubuta abu tun kafin ya rubuta shi, tsawon lokacin da zai zauna babu aiki kafin ya tsayar da injinsa, yawan sararin da zai nuna wa mai shi da wanda zai ɓoye, da kuma abin da zai yi idan ya ci karo da gurbin da ya ƙi karantuwa. Waɗannan hukunce-hukunce su ne ake kira saitin faifai, kuma injiniyoyin da suka tsara su sun yi haka ne suna zaton wutar lantarki ba ta yankewa, ɗaki kuma yana da sanyi, alhali ko ɗaya daga cikin biyun ba shi da tabbas a wannan gari na bakin kogin Binuwai. Abin da wannan lacca ta sa gaba shi ne umarnin da ake bai wa faifan domin a sauya waɗancan hukunce-hukunce, da abin da kowane sauyi ke jawowa na riba da na hasara.

Wutar da jihohin arewacin Kamaru uku ke sha, wato Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, ta daɗe tana dogara ga madatsar ruwan Lagdo da ke kudu da Garuwa, wadda Sinawa suka gina tsakanin 1977 da 1982, mai injuna huɗu da ƙarfinsu a haɗe ya kai megawat 72. Idan damina ta yi rowa sai ruwan tafkin ya ja baya, wutar ma ta ja baya, kamar yadda aka gani a 2020 da 2021 lokacin da aka riƙa raba ta unguwa-unguwa, kuma duk da cewa tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun kawo sauƙi daga baya, har yanzu mai shagon buga takardu a Yelwa ba zai rantse cewa wuta za ta kai shi la'asar ba. A kan wannan akwai zafin watannin Maris da Afrilu, wanda kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, da ƙurar hunturu mai toshe fankar kwamfuta. Duk wanda ke riƙe da bayanai a wannan yanki, tun daga babban kamfani irin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974 kuma hedkwatarsa ke Garuwa, har zuwa sabuwar Jami'ar Garuwa da aka ƙirƙira a watan Janairun 2022 da ƙaramin ɗakin ɗaukar hoto na bakin kasuwa, cikin wannan yanayi faifansa ke aiki.

Faifan ajiya na yau ƙaramar kwamfuta ce mai cin gashin kanta, tana da nata ƙwaƙwalwa da tata manhaja, kuma babbar kwamfutar ba ta taɓa bayanan da hannunta, sai dai ta aika umarni ta jira amsa. Ba haka abin ya faro ba, domin faifan farko da kamfanin IBM ya fitar a 1956, mai fayafai 50 masu faɗin inci 24 da ke ɗaukar haruffa kusan miliyan 5, ba shi da wani hankali na kansa. Da aka sanya wa faifai ƙwaƙwalwa sai aka buƙaci harshen da za a yi masa magana da shi, kuma harsuna uku ne suka yi fice: SCSI, wanda aka daidaita ƙa'idarsa a 1986 kuma ya fi yawa a manyan kwamfutocin ofisoshi; ATA, wanda ya samo asali a wajajen shekarar daga haɗin gwiwar Western Digital da Compaq da Control Data, ya kuma ci gaba da rayuwa a cikin SATA tun 2003; sai NVMe, wanda ya fito a 2011 domin ma'adanar SSD, wato irin da babu abin da ke juyawa a cikinta sai ƙananan ƙwayoyin lantarki. Kowane harshe da umarninsa na tambaya da na sauyi. A ATA ana tambaya da IDENTIFY DEVICE, faifan ya amsa da bayit 512 da ke ɗauke da sunansa da lambarsa da duk abin da ya iya, sannan a sauya da SET FEATURES. A SCSI ana karantawa da MODE SENSE a sauya da MODE SELECT. NVMe kuwa tana da Get Features da Set Features.

Mai gyara ba ya rubuta waɗannan da kansa, akwai ƙananan manhajoji da ke ɗaukar saƙon. Mafi shahara a Linux ita ce hdparm, wadda Mark Lord ɗan ƙasar Kanada ya fara rubutawa a 1994, sai sdparm ta Douglas Gilbert domin dangin SCSI, da smartctl da ke cikin tarin smartmontools na Bruce Allen tun 2002, da kuma nvme-cli. Ƙa'idar farko a amfani da su duka ita ce a karanta kafin a taɓa: umarnin hdparm -I /dev/sda ba ya sauya kome, sai dai ya baje halin da faifan ke ciki, kuma ya kamata a adana amsar a wani wuri dabam, domin wanda bai san inda ya taso ba ba shi da hanyar komawa. Shi kansa sunan /dev/sda abin lura ne, saboda Linux na raba waɗannan sunaye ne bisa wanda ya fara bayyana, ta yadda faifan da ke sda yau zai iya wayar gari yana sdb idan an kunna kwamfutar da filas a jikinta. Sunayen da ke ƙarƙashin /dev/disk/by-id, masu ɗauke da lambar faifan, su ne ba sa canjawa.

Saitin da ya fi cancantar a tsaya a kansa a Garuwa shi ne na ma'ajiyar wucin gadi ta rubutu. Wannan wata 'yar ƙwaƙwalwa ce mai sauri a cikin faifan, wadda ke karɓar bayanai ta riƙe su na ɗan lokaci kafin su sauka a mazauninsu na dindindin, kuma abin da ke cikinta yana gushewa ne da zarar wuta ta yanke. Idan tana kunne, faifan kan sanar da kwamfuta cewa rubutu ya kammala tun bayanan suna cikinta, kamar yaron shago da maigidansa ya ce ya rubuta bashin wane, ya amsa da "an rubuta" alhali adadin yana kansa bai kai littafi ba. Muddin ba abin da ya ɗauke masa hankali ciniki zai yi sauri kuma lissafi zai cika. Kusan duk faifan SATA na kwamfutocin gida da wannan ma'ajiya a kunne yake zuwa. Ana kashe ta da hdparm -W0, a kunna ta da -W1. A SCSI tana cikin shafin saiti mai lamba 8 ƙarƙashin sunan WCE. A NVMe kuwa ita ce siffa mai lamba 6.

Sai dai hukuncin kashe ta bai kai sauƙin da wasu masu gyara ke ɗauka ba. Tsarin fayil na zamani, wato hanyar da babbar manhaja ke jera bayanai a kan faifai, irin su ext4 na Linux da NTFS na Windows, ya san da wannan ɗabi'a ta faifai, shi ya sa a muhimman gaɓoɓi yake aika umarnin FLUSH CACHE, wanda ke tilasta wa faifan ya sauke duk abin da ya riƙe kafin a ci gaba. Inda faifan ke biyayya ga wannan umarni da gaske, yankewar wuta kan cinye aikin 'yan daƙiƙun ƙarshe ne kawai, ba ta rushe tsarin gaba ɗaya ba. Matsalar tana wajen waɗanda ba sa biyayya, kuma a nan ne kasuwar kayan araha ke cutar da mutane: akwai akwatunan USB da ke haɗiye umarnin ba su isar da shi ga faifan da ke cikinsu ba, akwai kuma SSD masu rahusa da ba su da 'yan kapasito, wato ƙananan ma'ajin caji da za su ba su damar ƙarasa rubutu bayan wuta ta tafi. A 2013 masu bincike daga Jami'ar Jihar Ohio da ɗakin binciken HP sun gwada SSD 15 ta hanyar yanke musu wuta suna cikin aiki, 13 daga ciki suka nuna wata irin ɓarna, har da wanda ya daina bayyana kwata-kwata. Wani abin da ake mantawa shi ne cewa babbar manhajar ma tana da tata ma'ajiyar, inda Linux kan bar sabon rubutu ya kai kimanin daƙiƙa 30 kafin ta tura shi, kuma umarnin -W0 bai shafi wannan ba ko kaɗan.

Abin da ya fi kusa da daidai shi ne a duba abin da ke bayan kwamfutar kafin a duba cikinta. Kwamfutar tebur da ke riƙe da lissafin kuɗi ko rajistar marasa lafiya, kuma ba ta da na'urar riƙon wuta mai batir, wadda ake sayarwa da sunan onduleur a kasuwannin Kamaru, ta cancanci a kashe mata ma'ajiyar a haƙura da jinkirin, domin jinkiri a aikin ofis abu ne da ake iya zama da shi. Wadda ke da batir mai rai, ko kwamfutar tafi-da-gidanka da batirinta ke riƙe caji, ba ta da buƙatar haka. Amma kalmar "mai rai" tana da nauyi a nan, saboda zafi na gajarta ran batirin dalma sosai, kuma yawancin kwamfutocin hannu da ake saye a shagunan kayan gwanjo batirinsu ya riga ya gaji, suna mutuwa ne tare da wutar bango. Kamfanin Microsoft ma ya karkata ga ra'ayin kashe ma'ajiyar a kan faifan waje, inda tun daga fitowar Windows 10 mai lamba 1809 ya mayar da saitin cirewa cikin sauri ya zama na asali, wanda ke hana Windows riƙe rubutun filas a ƙwaƙwalwa.

Akwai wani tarko da ke bin bayan duk wannan, wato yawancin saitin ATA ba ya ɗorewa. Faifan kan riƙe sabon umarni ne muddin yana da wuta, idan ta yanke ta dawo sai ya koma halinsa na masana'anta, ta yadda mai gyaran da ya kashe ma'ajiyar rubutu ranar Litinin saboda tsoron ɗauke wuta zai iya samun ɗauke wutar farko ta warware masa aikin, ta biyu kuma ta sami faifan a buɗe. Maganin shi ne a sa kwamfutar ta maimaita umarnin duk lokacin da ta tashi, ta hanyar fayil ɗin /etc/hdparm.conf a Debian da Ubuntu, ko ta ƙa'idar udev, wato sashen Linux da ke lura da shigowar kowace na'ura. Dangin SCSI sun fi tsari a wannan fanni, domin kowane shafin saiti yana da fuska huɗu, wato abin da ke aiki yanzu, da abin da aka yarda a sauya, da na masana'anta, da wanda aka adana, kuma ƙara --save a umarnin sdparm na rubuta sauyin a cikin faifan kansa.

Saiti na biyu shi ne na tattalin wuta, kuma lambobinsa suna da ruɗani. Umarnin hdparm -B na karɓar lamba daga 1 zuwa 255: daga 1 zuwa 127 an yarda faifan ya tsayar da injinsa idan ba aiki, daga 128 zuwa 254 ba a yarda ba, 255 kuwa kashe tsarin ne baki ɗaya inda faifan ya amince. Umarnin -S, mai ƙayyade lokacin jira, ya fi wannan karkata, domin daga 1 zuwa 240 kowace lamba daƙiƙa 5 ce, wato 120 na nufin minti 10, amma daga 241 zuwa 251 sai ma'aunin ya koma rabin awa, ta yadda 241 minti 30 ne, 242 kuma awa guda. Tsayar da injin na rage zafi da cin batir, abin da ke da amfani ga ofishin da ke aiki da hasken rana, sai dai kowace tsayawa da tashi tana cin wani abu daga ran faifan. Kan karatu, wato ɗan hannun da ke shawagi a saman faifai yana karatu da rubutu, yakan koma ma'ajiyarsa a duk hutu, kuma masana'antu kan ƙiyasta masa zuwa da dawowa 300,000 ko 600,000. Wasu faifan Western Digital na jerin Green an saita su su janye kan bayan daƙiƙa 8 kacal na rashin aiki, kuma a kan kwamfutar da ke taɓa faifai a kai a kai lissafin ba shi da daɗi: idan janyewar ta kai 100 a awa, kwamfutar kuma ba a kashe ta, 300,000 za su cika cikin kwana 125. Irin wannan matsala ce ta tayar da ƙura tsakanin masu amfani da Ubuntu a kwamfutocin tafi-da-gidanka a 2007, kuma -B 254 ne maganin da aka fi bayarwa. Saitin rage ƙara, wato -M, an riga an cire shi daga sababbin ƙa'idojin ATA, ba shi da buƙatar dogon bayani.

Hanyar sanin ko saiti ya dace ita ce a tambayi faifan tarihinsa, ta tsarin SMART da ke ƙirga abubuwan da suka same shi, wanda smartctl -a ke nunawa. Layi na 193 ne ke ƙirga janyewar kan karatu, na 194 zafi, na 9 awannin aiki, na 5 guraben da suka lalace aka musanya su, na 197 waɗanda ake zargi ba a yanke musu hukunci ba, na 192 kuma a faifai da yawa yana ƙirga lokutan da wuta ta yanke ba shiri, wanda a Garuwa ya zama tamkar rajistar ɗauke wuta da faifan ke ajiyewa da kansa. Binciken da ma'aikatan Google suka wallafa a 2007 a kan faifai fiye da 100,000 ya nuna cewa wanda ya nuna kuskuren farko a binciken samansa ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60, amma kuma kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alama ba. Ana yawan kafa hujja da binciken a ce zafi ba ya kashe faifai, sai dai faifan Google suna cikin ɗakuna masu sanyi ne, kuma ko a can an ga tasirin zafi a kan masu shekara 3 zuwa 4, wato tsarar waɗanda ke cika kasuwar kayan hannu. Galibin faifai masu juyawa an ƙayyade musu iyakar digiri 60, kuma faifan da ke aiki a cikin akwatin da ƙura ta toshe yakan ɗara zafin ɗakin da yake ciki da tazara mai yawa. NVMe na ba da damar sauya matakin zafin da za ta yi gargaɗi a kai, ta siffa mai lamba 4, a ma'aunin Kelvin inda 343 ke daidai da digiri 70, amma ɗaga wannan lamba kashe ƙararrawa ne kawai, abin da ke sauke zafi shi ne hure ƙura da gyara fanka.

Ba kowace na'ura ce ke jin wannan magana ba. Ƙananan kwamfutocin PB HEV guda 500,000 da gwamnatin Kamaru ta fara raba wa ɗaliban manyan makarantu a ƙarshen 2017, masu ma'adanar giga 32, ba su da injin da za a tsayar ko kan karatu da za a janye, kuma filas na yau da kullum ba ya karɓar yawancin waɗannan umarni. Faifan da ke cikin akwatin USB kuwa sai ta bakin tafinta ake masa magana, domin akwatin da harshen SCSI yake amsawa, shi ya sa smartctl kan buƙaci a ƙara masa -d sat kafin saƙon ya ratsa.

Sauran umarnin su ne masu haɗari, kuma sun fi shafar masu saye da sayar da kayan hannu. Ƙa'idar ATA ta ba da damar ɓoye wani sashe a ƙarshen faifai, wanda ake kira HPA, inda masana'antun kwamfuta kan ajiye manhajar gyara. Hdparm -N na nuna lambobi biyu, abin da ake gani da ainihin girman, kuma idan suka bambanta to akwai abin da ke ɓoye, wanda gogewar yau da kullum ba ta kai gare shi. Umarnin sauya wannan girma yana cikin waɗanda marubucin hdparm ya ɗaure da sharaɗin sai mai amfani ya rubuta doguwar jimla ta shaidar cewa ya san abin da yake yi. Batun gogewa kuwa ya wuce na fasaha kawai. A 2003 Simson Garfinkel da Abhi Shelat na cibiyar MIT sun bayyana cewa sun sayi tsofaffin faifai 158, 129 suna aiki, amma 12 ne kaɗai aka goge yadda ya kamata, a cikin sauran an sami wasiƙu da bayanan asibiti da dubban lambobin katin banki. Kwamfutar da ofishi a Garuwa ko Ngaundare ya gama da ita ya sayar na iya kasancewa cikin wannan hali, kuma Kamaru na da dokar tsaron intanet tun 21 ga Disamba 2010, ta kuma ƙara da dokar kare bayanan mutane a Disambar 2024.

Umarnin SECURITY ERASE UNIT na sa faifan ya goge kansa da kansa, amma yana da matakai da ba a tsallakewa. Yawancin kwamfutoci kan daskarar da sashen tsaron faifai tun suna tashi, don kada muguwar manhaja ta yi amfani da shi, kuma akan warware wannan ta hanyar sa kwamfutar barci a tashe ta. Daga nan dole a sanya wa faifan kalmar sirri kafin ya karɓi umarnin gogewa, kuma shi ne zai cire ta da kansa idan ya kammala. A SSD aikin kan ƙare cikin ɗan lokaci, ko da yake binciken Jami'ar Kalifoniya ta San Diego a 2011 ya sami wanda ya ce ya goge alhali bayanan suna nan, don haka sai an sake dubawa. A faifai mai juyawa na tera 1 kuwa aikin kan ɗauki awa 2 zuwa 3, kuma hdparm -I na nuna ƙiyasin mintocin tun kafin a fara. Idan wuta ta yanke a tsakiya, faifan zai tashi a kulle da waccan kalmar sirri, ba ya karantuwa ba ya rubutuwa sai an ba shi ita, saboda haka mai gyara a Garuwa zai rubuta kalmar a takarda tukuna, ya gwada ƙiyasin mintocin da abin da batirinsa ke iya ɗauka, idan bai kai ba ya jingine aikin sai ranar da zai tayar da janareta.